Kafin Ka Zauna a Teburin Dare na Jirgin Ruwa

Ƙannena samari, da yawa daga cikinku yanzu kuna taka wuraren da iyayenku sai dai su ji labarinsu a rediyo. Wani karatu ya kai shi Ingila, wani aiki ya ajiye shi Dubai, wani kamfanin da yake wa aiki ne ya saka masa da tikitin hutu, wani kuma ya yi aure yana so ya kai amaryarsa ta ga teku. Cikin irin waɗannan tafiye-tafiye akwai wadda ake shiga ƙaton jirgin ruwa na shaƙatawa, a yi mako guda ko fiye a kan ruwa, ci da sha da kwana duk a ciki. A irin wannan jirgi akwai abin da kan zo wa saurayi ba shiri: da zarar yamma ta yi, ba da kowace shiga ake barin mutum ya zauna a teburin abincin dare ba. Na ga yadda wannan ke jawo wa mutanen kirki jin kunya da ɓacin rai, alhali abu ne da kwanar akwati ɗaya ta isa ta magance shi in an sani tun daga gida.

Bari in fara da kamfanin da ya fi kowa riƙo da wannan al'ada, wato Cunard. Wani mutumin Halifax ta ƙasar Kanada mai suna Samuel Cunard ne ya kafa shi, jirginsa na farko kuma, Britannia, ya tashi daga Liverpool a watan Yulin 1840 ya nufi Halifax da Boston ɗauke da wasiƙu da fasinjoji. Yau babban jirginsu shi ne Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004. Tsawonsa mita 345, yana ɗaukar fasinjoji kusan 2,700, yana kuma ratsa tekun Atlantika tsakanin Southampton da New York cikin dare bakwai. Da rana ba ruwan kowa da abin da ka sa, matuƙar ka rufe jikinka. Amma daga ƙarfe shida na yamma ƙa'ida take fara aiki a yawancin sassan jirgin. Darare iri biyu ne. Akwai daren da aka saba, inda ake son namiji ya sa dogon wando mai kyau da shat mai kwala, kwat kuwa in ya ga dama. Sai kuma daren gagarumar liyafa, wanda kan zo kamar sau biyu a tafiyar mako guda, inda ake son ya fito cikin toksido, ko kuwa kwat da wando masu duhun launi haɗe da laktaye. Ba a barin mutum ya yi ta lalube: kowane dare ana ajiye masa takardar shirye-shiryen gobe a ɗakinsa, a kanta an rubuta irin shigar da za a yi.

Al'adar ta samo asali ne daga gidajen masu hali na Ingila, inda tun da can ba a zama cin abincin dare da kayan da aka wuni da su ana hawan doki ko yawo a gari. Da manyan jiragen ruwa suka zama hanyar tsallaka teku, sai masu kuɗin suka shiga da al'adarsu. A jirgin Titanic da ya nutse a 1912, ma'aikaci ne ke bi yana busa bigila don sanar da fasinjoji lokacin abinci, mazan ɓangaren manya kuma su sauko cikin baƙar kwat mai jela da farar falmaran. Mutum guda kan shiga da manya-manyan akwatuna har da baransa mai shirya masa kaya. Shi ya sa aka saba ba a yin shigar liyafa a daren farko, domin ba a gama buɗe akwatuna ba, haka ma daren ƙarshe, domin an riga an ɗaure su. Har yau yawancin jirage suna kan wannan tsari, don haka in ka shiga jirgi a gajiye ranar farko, hankalinka ya kwanta.

Sai jirgin sama ya zo ya sauya komai. A watan Oktoban 1958 kamfanin Pan Am ya fara ɗaukar fasinjoji daga New York zuwa Faris a jirgin Boeing 707, tafiyar kwanaki ta koma ta sa'o'i. Mu ma a nan gida abin ya shafe mu. Magabatanmu da suka je karatu ko taro Ingila kafin samun 'yancin kai, da yawansu jiragen kamfanin Elder Dempster suka hau daga tashar Apapa a Legas, irin su Accra da Apapa da Aureol, su shafe wajen mako biyu a ruwa kafin su isa Liverpool. Aureol ita ce ta yi saura, ta kuma daina zirga-zirga tsakanin Legas da Ingila a 1974. Tun daga wancan zamani, duk wanda ya hau jirgin ruwa na fasinja ba sauri ne ya kai shi ba. Zaman cikin jirgin shi ne abin da ya saya da kuɗinsa, daren liyafa kuwa yana cikin kayan da aka sayar masa.

A nan nake so ku tsaya ku fahimce ni, domin sauran bayanin duk a kan wannan ya rataya. Saurayi kan ce, ai da kuɗina na biya, wa zai gaya mini abin da zan sa? Gaskiya ne ka biya. Amma dattijon da ke teburin kusa da kai shi ma ya biya, wataƙila ma shekara da shekaru shi da matarsa suna tara kuɗin don su yi murnar cikarsu shekara arba'in da aure. Abin da suka biya dominsa ya haɗa da su shiga ɗaki su ga kowa ya yi shiga ta mutunci. Kamfani ba zai iya ƙera wannan da ƙarfe ko katako ba, fasinjoji ne ke haɗuwa su samar da shi, kowa ya kawo nasa kason a jikinsa. In kai ka shigo da jesin ƙwallo da silifa, ka rage musu wani abu daga abin da suka zo nema, ba tare da sun yi maka laifin komai ba. Wannan haƙƙin abokin zama ne, kuma ka amince da shi ranar da ka karɓi tikiti, ko ka karanta sharuɗɗan ko ba ka karanta ba. Wasu dararen ma Cunard kan sa musu launi, kamar daren baƙi da fari ko daren ja da ruwan zinare. Duk wanda ya taɓa zuwa bikin da aka fitar da anko ya san yadda mutum ɗaya da ya ƙi yi yake fita daban a idon jama'a, ya kuma san ba don kuɗin yadin ake jin haushinsa ba.

Na taɓa ganin abin da idona a ƙofar ɗakin cin abinci na wani jirgi. Mutane na saukowa daga matakala biyu-biyu, ƙamshin turare ya cika wurin, sai ga wani saurayi dogo, da gani ɗan gidan mutunci ne, cikin tishat da wandon jins da hular hana-sallah. Shugaban masu hidimar teburi ya taso, ya matso kusa da shi sosai don kada wani ya ji, ya sunkuyar da kai ya yi masa magana. Saurayin ya dubi jikinsa, ya dubi mutanen da ke bayansa a layi, ya sa hannu ya cire hular ya riƙe. Ba wanda ya yi masa dariya, ba wanda ya ɗaga murya. Amma sai da ya juya ya bi ta tsakiyar layin nan ya haura matakalar shi kaɗai, matarsa na biye da shi cikin kwalliyar da ta ɓata lokaci tana yi. Ita na fi tausaya wa.

Ba kuma dole ba ne ka shiga wannan tsari in ba ka so. Ko a Queen Mary 2 akwai ɓangaren cin abinci na ɗebi-da-kanka mai suna Kings Court, da wasu 'yan wuraren zama, inda aka yarda mutum ya je da shigarsa ta yau da kullum ko a daren liyafa. Kana iya sa a kawo maka abinci ɗaki. Kamfanonin ma sun bambanta ƙwarai. Norwegian ya sassauta ƙa'idar sutura da ta lokacin cin abinci tun shekarar 2000. Viking da Oceania, duk da tsadarsu, ba su da daren toksido sam, dogon wando mai kyau da riga mai kwala sun wadatar. Regent kan ware daren shigar liyafa ne a doguwar tafiya kawai, shi ma ga wanda ya so. Virgin Voyages kuwa ba ta ɗora wa kowa ƙa'ida ba. Ka ga ke nan tsadar tikiti ba ita ke nuna tsananin ƙa'ida ba. Kuma kamfanoni kan sake dokokinsu daga lokaci zuwa lokaci, don haka abin da abokinka ya gani shekara biyar da suka wuce ba hujja ba ce. Ka karanta ƙa'idar jirgin da za ka hau kafin ka biya kuɗi, in wani abu ya shige maka duhu ka rubuta musu ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu ga wanda ya zaɓi ya yi shigar Turawa. Toksido ta fara ne a matsayin rigar shan iska. Tarihin telolin Henry Poole da ke titin Savile Row a Landan ya nuna cewa a 1865 suka ɗinka wa Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, gajeruwar kwat marar jela don cin abincin dare a gidansa na Sandringham. A 1886 salon ya bayyana a unguwar masu kuɗi ta Tuxedo Park kusa da New York, ya kuma bazu daga can. Kwat ce baƙa ko shuɗiya mai duhu sosai, an lulluɓe kwalarta da yadi mai sheƙi. Wandonta yana da zirin wannan yadi guda ɗaya a gefen kowace ƙafa, ba a kuma sa masa bel, igiyoyin kafaɗa ke riƙe shi. Shat fara ce tas. Laktayen ƙarami ne baƙi mai fuka-fuki biyu. A ƙugu ana ɗaura faffaɗar ɗamara mai ninki-ninki, wadda hafsoshin Ingila suka koya a Indiya, bakin ninkin na kallon sama, ko kuwa a sa falmaran a madadinta, amma ba a haɗa su biyun. Takalmi baƙi mai sheƙi, safa baƙa doguwa wadda in ka harɗe ƙafa ba za a ga ƙwaurinka ba. Farar kwat da baƙin wando da kuke gani a hotuna ta ƙasashen zafi ce, tana dacewa a Bahar Rum da rani, ba a tsakiyar Atlantika da hunturu ba.

Shawarata dai ita ce, in ba rayuwarka ce za ta riƙa kai ka irin waɗannan wurare a kai a kai ba, kada ka sayi toksido. Kwat da wando ɗaya mai launin shuɗi mai duhu ko ruwan gawayi, farar shat biyu, laktaye biyu marasa hayaniyar zane, da baƙin takalmi, sun fitar da kai a kowane jirgi, sa'an nan in ka dawo su yi maka amfani ranar neman aiki ko taro. Abin da ido ke gani a jikin mutum dacewar ɗinki ne, ba kuɗin da aka kashe ba. Kwat ɗin gwanjo mai kyau da ƙwararren tela ya gyara ta zauna daram ta fi sabuwa mai tsada da ke reto a jiki. Ka fara duba kafaɗa, domin ita ce tela ba ya iya gyarawa cikin sauƙi: ɗinkinta ya tsaya daidai inda kafaɗarka ta ƙare. Hannun kwat ya bar ɗan bakin hannun shat ya leƙo, kamar faɗin yatsa. Ƙafar wando ta sauka a kan takalmi ba tare da ta taru ba. In kwat ɗin mai maɓalli biyu ce, na sama kawai ake ɓallewa, in za ka zauna kuma ka buɗe shi. Sabuwar kwat kan zo da ɗan ƙyallen sunan kamfani a bakin hannu da zaren da aka ɗinke tsagar baya da shi, duk cirewa ake yi. Wasu jiragen suna ba da hayar toksido, amma daidai jikinka na iya ƙarewa kafin ka je, kuma kun san abin da ake cewa game da kayan aro da katara.

Akwai abin da ya shafi Musulmi a nan wanda ba kasafai mai sayar da kaya zai gaya maka ba. Sheƙin da ke kwalar toksido mai tsada, da laktayenta da ɗamararta, yawanci alharini ne zalla, maɓallan hannun shat kuma sau da yawa na zinare ne ko an shafa musu ruwansa. Addininmu ya hana wa maza alharini da zinare, ko da yake malamai sun yi bayanin rangwame a kan ɗan ƙaramin alharini da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Ka duba takardar da ke manne a cikin rigar, tana faɗin irin yadin. Yawancin masu matsakaicin kuɗi da na haya, sheƙinsu na zaren roba ne. Akwai laktayen ulu da na auduga, akwai maɓallan azurfa da na ƙarfe. Inda ka yi kokwanto ka tambayi malaminka tun kana gida, kada ka bari sai kana tsaye gaban madubi saura minti goma a zauna.

Sai abin da ya fi kwanta mini a rai. Ba dole ne sai ka yi shigar Bature za ka cika ƙa'idar daren liyafa ba. Kamfanin P&O na Ingila, alal misali, ya rubuta a ƙa'idarsa cewa kayan ƙasa na girma da kakin soja na biki karɓaɓɓu ne a irin wannan dare. A jiragen Ingila za ka ga 'yan Sikotland cikin ɗan zanensu mai ninki da ya tsaya a gwiwa, za ka ga 'yan Indiya cikin doguwar rigarsu mai maɓallai har wuya, ba wanda ya ce musu uffan. Babbar riga ba ta gaza ko ɗaya daga cikinsu ba. Da ita Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Amurka a watan Yulin 1961, ya gana da Shugaba Kennedy, ya kuma yi jawabi a majalisar dokokinsu. Rigar da ta shiga can ba za ta rasa kujera a ɗakin cin abinci na jirgi ba. Ina son in ga samarinmu suna saukowa daga matakalar nan cikin farar shadda da aiki a ƙirji, domin na san yadda ɗaki ke juyowa ya kalli irin wannan shiga da girmamawa.

Amma akwai sharaɗi, kuma ina so ku riƙe shi da kyau. Abin da aka yarda da shi kayan girma ne, ba kowace rigar gida ba. Mu kanmu mun san bambancin. Jallabiyar da kake zama da ita a ƙofar gida bayan la'asar ba kayan girma ba ce. 'Yar shara ba ita ba ce. Kaftani mai gajeren hannu da ake zuwa kasuwa da shi ba shi ba ne. Ma'aikacin da ke ƙofa wataƙila bai san bambancin ba, zai iya barinka ka wuce don gudun kada a ce ya wulaƙanta al'adar wani. To kai ka sani. In ka fake da sunan kayan gargajiya don ka guje wa wahalar shiri, ka yaudari mutumin da ya kyautata maka zato, ka kuma nuna wa ɗaruruwan baƙi cewa iyakar kwalliyarmu ke nan. A daren liyafa ka sa cikakkun kaya: babbar riga da 'yar ciki da wando na yadi ɗaya, da hula da ta dace da su. A sauran dararen, kaftani mai dogon hannu, mai kyakkyawan ɗinki da guga, da wandonsa da hula, ya yi daidai da shat da wandon da ake nema. Kada kuma ka gauraya, ka ɗora kwat a kan kaftani, ko ka sa babbar riga da takalmin guje-guje. Ko wanne ka zaɓa, ka yi shi har ƙarshe.

Babbar riga a jirgi tana son dabara. Teburin a cike yake da kofunan gilashi masu dogon wuya, da jerin cokula da wuƙaƙe dama da hagu, kujeru kuma kusa da juna. Kafin ka zauna ka naɗe hannuwan rigar ka aza su sosai a kafaɗa, ka tattaro bayanta don kada ƙafar kujera ta take ta ko mai ɗauke da tire ya yi tuntuɓe da ita. In za ka miƙa hannu ka ɗauki wani abu, ka dafe naɗin da ɗaya hannun. Jirgi kuma ko yaya girmansa yana ɗan tangaɗi in teku ta motsa, don haka a matakala hannu ɗaya na kan ƙarfen dafawa, ɗaya na ɗage gaban riga. In ka fita farfajiyar sama shan iska bayan an ci abinci, ka sani iskar teku tana cika babbar riga ta kuma fizge hula. Riga mai matsakaicin faɗi ta fi sauƙin sarrafawa a kan malum-malum mai nauyi, wadda ita kaɗai za ta cinye maka kaso mai yawa na kilo 23 da jirgin sama kan yarje wa akwati kafin ma ka isa tashar ruwa.

Hula tana buƙatar kalma guda. A al'adar Turawa namiji yana cire hula in ya shiga ɗakin cin abinci, shi ya sa ake hana hana-sallah. A tamu kuwa shiga ba ta cika sai da ita. Zanna bukar ko ƙube da aka sa tare da kayanta ɓangaren shigar ce, ba a cire ta. In wani ma'aikaci ya yi maka magana don rashin sani, ka yi masa bayani a hankali, ko ka nemi shugabansu. Abin da ya fi shi ne ka je da rana tun ranar farko ka gaishe da shugaban ɗakin, ka gaya masa irin shigar da za ka yi. Takalmi kuwa ka sa rufaffe, sau-ciki na fata mai kyau, domin jirage da yawa ba sa son ganin yatsun namiji a waje da dare, komai tsadar takalmin.

Maganar guga tana ba mutanenmu mamaki. Ba a barin fasinja ya shiga da dutsen guga, domin ba abin da matuƙa jirgi ke tsoro kamar gobara a tsakiyar teku. In an gan shi a akwatinka za a karɓe, sai ranar sauka. Jiragen Cunard suna da ɗakunan wanki na fasinjoji da dutsen guga a ciki, kowane jirgi kuma yana da masu wanki da guga da ake biya. Sai dai ranar liyafa kowa can yake nufa, don haka ka miƙa kayanka tun kwana ɗaya kafin nan. Shadda kuwa ban ba ka shawarar miƙa ta ga wanda bai san ta ba. Ka kai ta wajen mabuga ko mai gugar da ka yarda da shi tun a gida, a ninke maka ita a kan karinta, ka sa ta a saman kaya, da ka shiga ɗakinka ka fito da ita ka rataye. Hula ka cusa mata safa ko ƙyalle a ciki don kada ta lotse.

Ka kuma haɗa lissafin shigarka da na sallarka. A manyan ɗakunan cin abinci akan yi zama biyu, ɗaya wajen ƙarfe shida, ɗaya wajen takwas da rabi, abincin kuma kashi-kashi ake kawo shi, yana iya cin sa'a biyu. Ka duba wanne zai fi barinka ka yi magariba a kan lokacinta, ka nemi a sa ka a shi tun wajen sayen tikiti. A tafiya tsakanin Ingila da Amurka akwai bambancin sa'a biyar, ana gyara agogon jirgi da sa'a ɗaya ɗaya a hanya, faɗuwar rana ma tana matsawa, don haka jadawalin garinku ba zai yi maka aiki ba. Ka yi alwala kafin ka sa farar shat mai maɓallan hannu, domin naɗe ta a jiƙa ta bayan an gama shiri yana ɓata ta. A walimar da kyaftin kan yi wa fasinjoji ana zagayawa da giya a kan tire. Ka ce a kawo maka lemo ko ruwa, za a kawo, ba kuma wanda zai tambaye ka dalili.

Mutanen da ke tsaye a ƙofa suna duba shiga, yawancinsu 'yan Filifin ne da Indiya da Indonesiya da wasu ƙasashe, sun baro iyalinsu wata da watanni suna aiki dare da rana. Ba su suka kafa dokar ba, an sa su ne su tsare ta, in sun yi sakaci su za a tuhuma. Duk wanda ya tsaya yana ɗaga musu murya yana faɗin nawa ya biya, ya zubar da girmansa fiye da yadda silifa za ta zubar masa. In an yi maka magana, ka ce na gode, ka koma ka sake shiri, ko ka nufi inda shigarka ta dace. Wataƙila ma cikinku akwai wanda gobe shi ne zai tsaya a wannan ƙofa yana neman halaliyarsa.

Ina kuma roƙonku kada ku ci bashi saboda dare biyu. Masu ɗaukar hoto suna jere a hanyar ɗakin cin abinci, na kuma san yadda zuciyar saurayi ke son hoton da zai aika gida a yi ta magana. Amma mutanen da suka saba da wannan rayuwa, kwat ɗaya suke maimaitawa shekara da shekaru, ba mai ƙirga musu. In ka sa kwat ɗinka a daren liyafa na farko, ka sake sa ta a na biyu da wata shat da wani laktaye, ko ka sa babbar riga a ɗaya, kwat a ɗaya. Agogo mai walƙiya da zobba a yatsu ba sa cikin ƙa'ida. Turare kaɗan ya isa, domin ɗakin a rufe yake, mutane na cin abinci kafaɗa da kafaɗa, turarenmu na wuta da na mai kuwa suna da ƙarfi ga hancin da bai saba ba. Aski da gyaran gemu da yanke farce sun fi duk waɗannan fitowa a teburi.

Daren ƙarshe shigar sauƙi ake yi. Za a ce kowa ya ɗaure akwatinsa ya ajiye a bakin ƙofar ɗaki kafin ya kwanta, ma'aikata su kwashe cikin dare, ba za ka sake ganinsa ba sai a tashar sauka. Kafin ka fitar da shi, ka ware kayan da za ka sa da safe, har da takalmi da safa da rigar sanyi in ƙasar sanyi za ku sauka, ka ajiye fasfo da magunguna da cajar waya a 'yar jakar hannu. Babbar rigar da ka sa a liyafa ka bari ta sha iska a rataye kafin ka ninke ta, domin damshin teku da aka rufe a akwati yana sa shadda wari kafin a isa gida.